Laburaren Da Ya Koma Ɗan Haya

A garuruwan Amurka, manya da ƙanana, akwai laburare na jama'a, watau ɗakin da a ke tara littattafai domin kowa ya zo ya ara, ya tafi gida ya karanta, ya mayar, ba tare da ya biya ko anini ba. Da kuɗin harajin mutanen gari a ke tafiyad da galibinsu. Wani attajiri mai suna Andrew Carnegie shi kaɗai ya ba da kuɗin gina fiye da 1,600 a ƙasar. Tushen aikin duka kuwa magana guda ce wadda kowane ɗan kasuwa ya sani: abin da mutum ya saya nasa ne.

An taɓa gwada wannan magana a gaban shari'a. Wani kamfanin buga littattafai, Bobbs-Merrill, ya rubuta a cikin wani littafinsa cewa kada wani mai kanti ya sayar da shi ƙasa da dala ɗaya. Kantin Macy's na birnin New York ya karya farashin, aka kai ƙara. A 1908 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke cewa da zarar mai littafi ya sayar ya karɓi kuɗinsa, ikonsa a kan wannan kwafi ya ƙare. Saboda haka laburare ya kan sayi littafi sau ɗaya, ya yi ta ba da aronsa har ganyayen su zube. In ya yage a ɗinke, in an gaji da shi a ba wata makaranta kyauta, in kuwa mai daraja ne a ajiye wa jikoki. Ba wanda a ke neman izni wurinsa.

Sa'an nan sai littafin na'ura ya zo, wanda a ke karantawa a waya ko kwamfuta ko allo irin su Kindle. Ba mai musun amfaninsa. Tsohuwa mai raunin ido ta iya ƙara girman baƙaƙe yadda ta ke so. Gurgu da majinyaci da wanda gidansa ke nesa da gari su kan ari littafi da tsakar dare suna kwance. Ranar da wa'adi ya cika littafin ya koma da kansa, babu tara, babu ɓata. A 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe ƙofofin laburare, ta wannan hanya mutane da yawa suka ci gaba da karatu.

To, amma laburare bai sayi wannan littafi ba, ko da ya ke kuɗi ya biya. Abin da ya samu lasisi ne, watau iznin amfani na ɗan lokaci bisa sharuɗɗan da mai littafi ya gindaya, hukuncin 1908 kuwa ciniki ya shafa, bai shafi haya ba. Sharaɗi na farko shi ne kwafi ɗaya, mai karatu ɗaya. Abin da na'ura ke iya rarraba wa mutum dubu cikin ƙiftawar ido, an ɗaure shi ya zama kamar na takarda, in yana hannun wani sai saura su bi layi, wani lokaci har watanni. Wannan da sauƙi, gama dai ko na takarda haka ya ke. Sharaɗi na biyu shi ne mai ban mamaki. A 2011 kamfanin HarperCollins ya sanar cewa kowane littafinsa na na'ura, in an are shi sau 26, ya mutu ke nan, sai laburare ya sake biya. Hujjarsa wai littafin takarda ma ya kan tsufa. Ma'aikatan wani laburare a jihar Oklahoma suka ɗauko littattafan takarda da aka ara fiye da haka nesa ba kusa ba, suka nuna wa duniya ga su nan garau. Duk da haka sharaɗin ya zauna. Daga baya sauran manyan kamfanoni suka fi son ƙidayar shekaru: Penguin Random House a 2018, Hachette a 2019, duk suka koma lasisin shekara biyu. Sabon littafin da mutum shi kaɗai zai samu a wayarsa a kan dala 15 ko ƙasa da haka, laburare ya kan biya dala 50 zuwa 60 a kansa, bayan wata 24 kuma ya ɓace daga jerin kamar ba a taɓa biya ba. Ashe ɗan Adam ya ƙera littafin da gara ba ta ci, ruwa ba ya jiƙa shi, sa'an nan ya zauna ya yanka masa ajali da hannunsa.

Masu buga littattafai suna da abin cewa, kuma ya kamata a saurare su. Sun ce a da mai aro sai ya taka ya je, ya sake takawa ya mayar, wannan 'yar wahala ita ke sa waɗansu su gwammace saye. Yanzu aro da saye duk danna yatsa ne, wa zai biya kuɗi alhali ga kyauta? Marubuci kuwa da alƙalaminsa ya ke ci, in ciniki ya mutu rubutu ya mutu. Gaskiya ne. Da laburare ya ce a ba shi kwafi ɗaya ya rarraba wa gari duka a lokaci guda, da ya yi zalunci. Amma ba haka ya nema ba. Ya yarda da bin layi, ya yarda da tsada. Abin da aka hana shi shi ne mallaka, kome yawan kuɗin da ya ajiye.

Inda rashin mallaka ke kai mutum ya bayyana a fili ranar 1 ga Nuwamba 2019, sa'ad da kamfanin Macmillan ya ce a mako takwas na farkon fitowar sabon littafi kwafi ɗaya tak zai ba kowane laburare, ko na ƙauye ne ko na birni mai mutum miliyan. Ƙungiyar laburarorin Amurka ta tayar da ƙura, waɗansu laburarori suka daina sayen littattafansa na na'ura, har ya janye a Maris 2020. Amma don kansa ya janye, ba doka ce ta tilasta shi ba. Jihar Maryland ta gwada yin dokar a 2021, cewa wanda ya sayar wa jama'a littafin na'ura dole ya ba laburare lasisi bisa sharuɗɗan da suka dace. Alƙalin tarayya ya soke ta a 2022, domin haƙƙin mallakar rubutu al'amarin gwamnatin tarayya ne. Cibiyar Internet Archive kuma, wadda ta riƙa ɗaukar hoton littattafan takarda tana ba da aronsu ta intanet, kamfanoni huɗu sun kai ta ƙara a 2020, ta faɗi a 2023, ta ɗaukaka ƙara ta sake faɗuwa a 2024.

Har wa yau akwai dillali a tsakani. Laburare ba ya karɓar littafin ya ajiye a tasa na'ura. Littafin yana can a rumbun wani kamfani, mafi girmansu kuwa OverDrive ne na jihar Ohio, wanda galibin laburarorin Amurka ke bi ta hannunsa. Shi ke da manhajar Libby, wadda ta fito a 2017, har masu karatu da yawa sun fi sanin sunanta da sunan laburaren da ya biya kuɗin. Dillalin nan kansa haja ne a kasuwa: kamfanin Rakuten na Japan ya saye shi a 2015, ya sayar wa masu zuba jari na KKR a 2020, ba a shawarci mai biyan haraji ko ɗaya ba. Sirrin mai karatu ma ya canja hannu. Kusan dukan jihohin Amurka suna da dokar da ta hana laburare fallasa abin da mutum ya ara, amma wanda ya zaɓi a aika masa da aron zuwa Kindle sai ya bi ta asusunsa na Amazon, nan kuwa kanti ne, ba laburare ba.

Wanda ke riƙe da rumbu yana iya buɗewa ya kwashe. A 2009 Amazon ya goge littattafai biyu na George Orwell daga allunan mutanen da suka riga suka biya, domin wanda ya kawo su kantin ba shi da haƙƙin sayarwa. (Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda aka fassara da Hausa da sunan Gandun Dabbobi.) An mayar wa mutane da kuɗinsu, shugaban kamfanin ya nemi gafara. Ba laburare abin ya faɗa wa ba, amma irin zaman da laburare ya ke yi ke nan. Zanen aro ba ya rufe katara. Littafin da aka buga shekara 80 da suka wuce, marubucinsa ya rasu, maɗaba'arsa ta rushe, yau ana samunsa ne domin wani laburare ya saya ya ajiye. Wanda lasisinsa ya ƙare, mai shi kuma ya ga babu riba ga sabuntawa, ba shi da inda zai fake.

Su ma laburarorin ba su kuɓuta daga laifi ba. Da sabon abu ya zo, jama'a na ɗoki, sai suka ɗauki hanya mafi sauƙi, kowanne ya sa hannu a takardar dillali shi kaɗai, maimakon su haɗa ƙarfi tun da wuri su gina rumbu nasu. Sai da igiya ta ƙulle suka farga. Laburaren birnin New York ya fito da tasa manhaja, SimplyE, a 2016, aka kuma kafa shirin Palace Project a 2021, wanda ƙungiyoyin da ba neman riba su ke ba ke tafiyad da shi, domin mai karatu ya shiga ta ƙofar laburare maimakon ta kanti. Akwai kuma ƙananan maɗaba'u da suka yarda su sayar da littafin na'ura ciniki na har abada. Wannan ƙoƙari ne mai kyau, sai dai littattafan da jama'a ke bin layi dominsu na manyan kamfanonin nan biyar ne, su kuwa, ko ta wace ƙofa aka shigo, lasisi su ke bayarwa. Kowace shekara mai kula da laburare sai ya zauna da jerin waɗanda wa'adinsu ya cika, ya raba kuɗin da ke hannunsa tsakanin sabon littafin bana da sake biyan na bara waccan.