Hoton dambe ya wuce hoton kisa

Duk mai bibiyar dambe a Facebook ko TikTok a 'yan shekarun nan ya san hoton da ya fi yawo. Ɗan dambe ya zube ƙasa ido a juye, abokin karawarsa na tsaye a kansa. An ƙara wa jini ja, an goge ƙura, an yi wa sararin sama wani launi da ba a taɓa ganin irinsa a Kano ko Gusau ba. Sau da yawa babu sunan wanda ya yi kisan, babu na wanda aka kashe, balle ranar da aka dambata. A ganina wannan yayi yana zubar da darajar sana'ar hoto, yana kuma tauye wa dambe haƙƙinsa.

Aikin da wuya, wannan ba a musu. Damben yamma bayan La'asar ake fara shi, manyan 'yan wasa kuma ba sa shiga fili sai yara sun gama sharar fage, wato daidai lokacin da rana ke shirin faɗuwa. Naushi kuwa ba ya jiran kowa. Kafin kyamara ta kama hannun da ya taso ba tare da ya yi dishi-dishi ba, sai ta buɗe ta rufe cikin kashi 1 bisa 1,000 na daƙiƙa ko kusa da haka. Hasken da ke shiga a wannan ɗan ƙyaftawar kaɗan ne, dole mai hoto ya ɗaga ISO zuwa 3200 ko 6400, hoton ya fito da tsaki-tsaki. Damben dare ya fi haka tsanani, domin ƙwayayen fitilar janareta wani fari ne wani ruwan ɗorawa, ƙarfinsu kuma yana hawa yana sauka. In hunturu ya shigo, hazo ya cinye launi, wanda ya kuskura ya canza gilashin kyamara a bakin fili ya kwashi ƙura ke nan. Da an yi kisa kuma sai magoya baya da makaɗa da masu liƙi su cika fili su tare masa gaba.

Wasu sun nemi mafita da filas. Ɗan damben da ya kafe idonsa a kan hannun abokin karawarsa, ka haska masa fuska a daidai wannan lokaci, ka sa hannu a wasan da ba naka ba. Ana yawan buga misali da hoton da Neil Leifer ya ɗauka a 1965, Muhammad Ali na tsaye a kan Sonny Liston a garin Lewiston na Amurka. To, fitilun Leifer a can saman fili aka rataye su tun kafin a fara wasa. Mai gidan damben da ke son hoto mai kyau, shi ma sai ya gyara fitilunsa daga sama.

Wasu kuma sun koma ga manhaja. Rage tsaki ko ɗan ɗaga haske ba laifi ba ne, masu wankin hoto na da ma suna yin makamancinsa. Amma wanda ya share ƙura da 'yan kallo ya ƙara jinin da bai zuba ba, ƙarya ya yi. Ƙurar nan da duhun magariba a cikinsu aka yi wasan.

Babbar matsalar ita ce ɗaukar kisa tamkar shi kaɗai ne dambe. Turmi uku ake yi, kuma wasanni da yawa ana raba su babu kisa. Wanda ya zo don faɗuwa kawai, ranar ya koma gida hannu rabbana, alhali abin ɗauka ya cika fili. Akwai ɗaurin hannu a gefe, ubangida na naɗa wa yaronsa zare. Akwai ɗan wasa da ya tsuma a gaban makaɗi yana kirari, jijiyar wuya a miƙe, layu na rawa a damtse. Akwai tsayuwar nan ta auna juna, hannun tsaro a gaba, na naushi a ɗane a baya. Akwai fuskokin magoya bayan ɓangarorin dambe, wato Kudu da Arewa da Jamus da Guramada, idan nasu ya shiga matsi. Wanda ya san dambe ya san bahago ta ina zai juyo, sai ya tsaya a inda ya dace tun kafin naushi ya fita. Wannan sanin ya fi kyamara mai tsada amfani a wurin da haske ya yi ƙaranci.

Masu hoto za su ce kisa ne ke jawo 'yan kallo, kuma da gaskiyarsu. Tun da tashar Dambe Warriors ta fara sa wasanni a YouTube a 2017, mutanen da ba su taɓa jin kalangu ba suka san dambe. Sai dai bidiyo ya riga ya fi hoto iya nuna kisa. Aikin hoto shi ne ajiye tarihi. Shago da Ɗandunawa da Ado Ɗankware, galibinmu ta bakin makaɗa irin su Ɗan Anace muka san su, hotunansu ba su da yawa a hannun jama'a. A Nijar kuwa, tun da aka fara gasar takobin kokawa a Tawa a 1975, ana iya jero sarakunan kokawa ɗaya bayan ɗaya, irin su Kantu na Maraɗi da Issaka Issaka na Dosso. Dambe yana buƙatar irin wannan kundi, kuma daga rubutun ƙasan hoto zai fara.

A tuna kuma, wanda ya faɗi ɗin nan yana da iyaye da iyali, gobe ma zai sake sa zare. Ba daidai ba ne a ce hotonsa ɗaya tilo da duniya ta sani shi ne na ranar da ya sha ƙasa.

Don haka ina kira ga 'yan uwa masu ɗaukar hoto: ku zo fili da wuri, ku kashe filas, ku bar ƙura a inda take. Ku rubuta sunan kowane ɗan wasa da ɓangarensa da gari da kwanan wata, sannan ku tura masa hotonsa, ko ya yi kisa ko an kashe shi.