Edmund Dulac da Zanen Hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya

Edmund Dulac (1882–1953) haifaffen birnin Tulus ne a Faransa. Ya fara karatun lauya, ya bari ya kama zane, sa'an nan ya koma Landan, inda a 1907 kamfanin Hodder & Stoughton ya buga zaɓaɓɓun hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya da hotunansa hamsin masu launi.

Waɗannan hotuna su suka fito da sunansa, amma akwai abin dubawa a cikinsu. Shuɗi ya rinjaye su, duhun almuru ya lulluɓe fada da kasuwa, har aljani ya zama abin da ake hangowa cikin hazo. Wato Gabas ce irin ta mafarkin Bature. Ita kuwa hikayar ba haka take tafiya ba: masunci ya buɗe tulu, ifiritu ya fito, suka shiga jayayya a kan rai kamar masu cinikin akuya. Mai karatun da ya tashi da labarin aljanu a tsakar gida zai ji wannan giɓi nan take.

A littafin Sindbad na 1914 ne hannunsa ya faɗa, bayan ya nazarci ƙananan zane-zanen littattafan Farisa da Indiya. Ya rage inuwa, ya shimfiɗa launuka masu haske, mutum da abin al'ajabi suka tsaya a fili ɗaya. Nan ne zane ya dace da salon labarin. Sai dai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya kasuwar irin waɗannan littattafai masu tsada ta karye, shi kuma ya karkata ga zanen bangon mujallu da kan sarki.