Nauyin Ƙarfe ko Ƙarfin Dafi: Sharhi a Kan Ra'ayin Ashby Game da Kan Kibiya

Akwai wani ra'ayi da ya yi ƙarfi a tsakanin masu farauta da kwari da baka na ƙasar Amurka, wanda yanzu ya iso hannun yaranmu ta wayar salula. Ra'ayin shi ne, duk maharbin da ke son kibiyarsa ta kashe babbar dabba, to lalle ya sa mata kai mai nauyi, mai faɗi, mai kaifi. Na ji matasa masu ilimi suna ɗaukar wannan magana suna auna kibiyoyin kakanninmu da ita, har suna cewa ai namu wasan yara ne. Wannan ne ya sa na ga ya dace a duba asalin ra'ayin, a ba shi haƙƙinsa, a kuma nuna inda ya tsaya.

Mutumin da aka fi jingina wa ra'ayin shi ne Dokta Ed Ashby, wani likitan ido Ba'amurke. A tsakiyar shekarun 1980 ya shiga wani bincike a gandun dajin Mkuzi da ke lardin Natal na Afirka ta Kudu, lokacin da hukuma ke son sanin ko ya kamata a halatta farauta da baka. Daga baya ya ci gaba da gwaji a arewacin Ostireliya a kan ɓaunar ruwa, dabba mai kaurin fata da faɗin haƙarƙari. Ba shi ya fara ba. Saxton Pope, wanda ya koyi harbi daga Ishi, mutum na ƙarshe daga ƙabilar Yahi, ya fitar da littafinsa na farauta da baka tun 1923, kuma a 1950 Howard Hill ya kashe giwa da kibiyar da kanta kaɗai ya kai kimanin giram 110. Abin da Ashby ya ƙara shi ne lissafi. Kowane harbi sai ya rubuta nauyin kibiya, da ƙashin da ta tarar, da zurfin shigarta.

Ma'aunin da suke amfani da shi ana kiransa giren, kuma giren 15 da ɗoriya ne ke yin giram ɗaya. Kan kibiyar da aka saba sayarwa a can giren 100 ne zuwa 125, wato bai wuce kimanin giram 8 ba. Mabiya Ashby kuwa sukan sa mai giren 200 ko 300. Babban abin da ya kafa shi ne, in ana son kibiya ta fasa ƙashi mai kauri, to nauyinta gaba ɗaya, kai da sanda, kada ya gaza giren 650, kimanin giram 42 ke nan. Ya kuma fifita kai mai baki biyu, siriri dogo, wanda aka wasa kowane bakinsa ta fuska ɗaya kawai, domin irin wannan wasi yakan sa ƙarfen ya murɗa a cikin ƙashi ya tsaga shi kamar yadda ake faskare. Sannan ya ce a tura nauyin zuwa gaba, ta yadda in aka ɗora kibiya a kan yatsa, wurin da za ta daidaita zai wuce tsakiyarta da kashi 19 cikin 100 na tsawonta ko fiye.

A ganina wannan aiki ne na ƙwarai, kuma hujjarsa a fili take. Kibiya mai nauyi ta fi karɓar ƙarfin baka, ga rashin ƙara lokacin saki, kuma ko da ba ta da sauri, in ta ci karo da ƙashi ba ta saurin tsayawa. Duk wanda ya taɓa sare itace da ƙaramin gatari da babba ya san wannan. Abin da ya fi burge ni shi ne, Ashby bai gina lissafinsa a kan harbin da ya tafi daidai ba. Ya tambayi abin da zai faru in dabba ta motsa, kibiya ta sauka a kafaɗa maimakon bayan hammata. Wannan tambayar maharbin gaske ce, domin dabbar da aka raunata ta shige daji ta mutu bayan kwana uku asara ce ga kowa, ga kuma alhaki.

To amma akwai abin dubawa. Da yawa daga harbin gwajin nan an yi shi ne a kan dabbobin da aka riga aka kashe, kafin jikinsu ya sandare. Mushe ba ya zabura. Haka kuma ɓauna ce aka fi gwadawa, sai ga mabiya sun ɗauki hukuncin ɓauna sun ɗora wa barewa. Kibiya mai nauyi tana saurin sunkuyawa a hanya, saboda haka kuskuren taku biyar wajen ƙiyasin nisa ya isa ya sa ta bi ta ƙarƙashin ciki. Bugu da ƙari, kai mai nauyi yana buƙatar sanda mai tauri, in ba haka ba kibiyar za ta fita tana lilo, kuma wadda ta sauka a karkace ba ta shiga, komai nauyinta. Shi kansa Ashby ya sa ƙarfin jikin kibiya da miƙewar tafiyarta a gaba da nauyi, amma masu yaɗa maganarsa sun riƙe lambar 650 sun bar sauran.

Babban kuskuren dai yana wajen masu auna kibiyarmu da wannan sikeli. A dokar kusan duk jihohin Amurka an hana sa wa kibiyar farauta guba, da yawa kuma sun hana mai kunne, sun ƙayyade mafi ƙarancin faɗin kai. Ke nan maharbinsu ba shi da abin kisa sai kaifi. Dole ƙarfen ya ratsa huhu ko zuciya, jini ya zuba, dabba ta faɗi. Duk lissafin Ashby amsa ce ga wannan hali. Maharbin ƙasar Hausa kuwa wani abu daban ya nema daga maƙeri. Shi ƙarfe a wurinsa ɗan aike ne, dafi ne mai saƙon. Ana dafa shi da 'ya'yan kwankwani haɗe da wasu itatuwa da kowane gida ke ɓoye sirrinsu, a shafe wuyan ƙarfen da shi. Aikin kunnuwan kibiya shi ne su hana ta fita har dafin ya bi jini ya tsayar da zuciya. Ba tatsuniya ba ce, domin a shekarun 1880 Thomas Fraser na jami'ar Edinbara ya fitar da maganin ciwon zuciya daga dangin wannan tsiro, bayan an kai musu irinsa daga yankin kogin Zambezi. Idan shigar ɗan yatsa ta wadatar, me za a yi da giram 42? Gara mara nauyi, wadda za a cika kwari da ita, a yi yini ana yawo ba a gaji ba. Karin maganar nan da ke cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure, a wurin mai dafi kusan zance ne na zahiri, amma a wurin Ashby harbi a wutsiya shi ne mafi munin abin da zai sami maharbi.

Wani abin da ya kamata malamai su nuna wa ɗalibai shi ne, kibiyarmu ba ta da gashin tsuntsu a gindi kamar ta Turawa, amma tana tafiya a miƙe. Dalili kuwa, dogon ƙarfe ne aka soka a cikin kyauro mara nauyi aka ɗaure, sai nauyin duka ya koma gaba, gindi ya bi kai dole. Wato tura nauyi gaba da Ashby ya ba lamba, maƙeranmu sun daɗe suna yin sa da ido da hannu. Kuma da irin waɗannan kibiyoyi ne 'yan bakan jama'ar Shehu Usmanu suka karya dawakin Gobir a Tafkin Kwatto a 1804, alhali mahayan suna cikin lifidi.

Sai dai ba zan ɓoye wani wuri da ra'ayin Ashby ya fi ƙarfi a kan al'adarmu ba, shi ne wajen halaccin nama. Malamai sun san hadisin Adiyyu ɗan Hatimu a kan makamin da in ya huda da kaifinsa a ci, in ya buge da faɗinsa kada a ci. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu kuma an ambaci harbi da abu mai guba a cikin misalan da ke hana ci, matuƙar ba a tabbatar cewa raunin ne ya yi kisan ba. Shi ya sa maharbi mai tsoron Allah yake bin sawu da gudu don ya riski dabba da rai ya yanka, sannan ya yanke naman da ke kewaye da raunin ya jefar. Kibiyar da ke kisa da kaifi zalla, in an yi bisimilla wajen sakinta, ba ta da wannan shubuha. Da a ce ɓauna da gwanki suna nan a dazuzzukanmu kamar dā, da wannan batu ya isa a zauna a kansa da malamai da sarakunan baka. Yanzu kam sai a Yankari da ire-irensa ake ganinsu, can kuma farauta haramun ce a doka.

Shawarata ga malamin da zai kai ɗalibai gidan tarihi ita ce ya nemi izinin ma'aikata, ya tafi da ƙaramin sikeli da magwajin tela. A auna nauyin kibiya da tsawonta, a nemo wurin da take daidaita, a rubuta garin da ta fito da sunan da maharban wurin ke kiran irinta, tun da sauran dattawan da za su faɗa. Ma'aikacin gidan ne kaɗai zai riƙe ta, da safar hannu, domin baƙin abin nan da ya bushe a wuyan ƙarfe yana iya yin aiki bayan shekaru masu yawa.