Kraftwerk: Jamusawan da suka koya wa inji kiɗa

Duk wanda ya saba zama a shagon gyaran rediyon nan na bayan tasha ya san gardamarmu ta yamma ba ta wuce biyu: ƙwallo da kiɗa. Ta ƙwallo takan mutu da an tashi. Ta kiɗa ce ta ƙi mutuwa, musamman tun bikin da aka yi a layinmu watan jiya. Mai kalangu ya zo da yaransa ya tsaya a bakin rumfa, aka miƙa masa ɗan abin da aka miƙa, sannan kowa ya juya wajen yaron da ya zo da kwamfuta da manyan sifiku. Dattawa suka ce shi ke nan, inji ya kashe kiɗa. Samari suka ce zamani ne, kowa ya yi haƙuri. Mu kuwa 'yan tsakiya, da muka goge gwiwar wando wajen rawar burek a shekarun 1980, muka ce kafin a yanke hukunci a zo a saurari mutanen da suka fi kowa share wa kiɗan inji hanya. Sunan ƙungiyarsu Kraftwerk.

Mu dai Jamus ɗin da muka sani ita ce ta Marsandi, ta ƙwallo, da ta gidan rediyon da iyayenmu ke kamawa da Hausa. Ba mu cika sanin ta da kiɗa ba. To, a birnin Dusseldorf na Jamus ta Yamma, a 1970, wasu samari biyu da suka yi karatun kiɗa, Ralf Hütter da Florian Schneider, suka kafa wannan ƙungiya. Hütter mai fiyano ne, Schneider kuwa da sarewa ya fara. Ma'anar sunan Kraftwerk ita ce tashar samar da wutar lantarki. An haife su ne jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suka tashi a ƙasar da yaƙi ya ragargaza, inda yawancin samari ke kwaikwayon mawaƙan Amurka da Ingila, har da rera waƙa da Turanci. Su sai suka tambayi kansu: mu fa, wane sauti ne namu? Suka duba gefensu, suka ga masana'antu, manyan tituna, jiragen ƙasa da eriyar rediyo. Suka ce to, da wannan za mu yi kiɗa. Suka buɗe situdiyonsu mai suna Kling Klang, suka shiga haɗa na'urori, wasu saye, wasu ƙirar hannu.

Faifan da ya fito da su duniya shi ne Autobahn, na 1974. Autobahn sunan babbar hanyar mota ce a Jamus. A bangon faifan ma zanen titi ne da Marsandi da Boswaja. Waƙar farko ta haura minti 22, ta cinye fuska guda ta faifan. Tana farawa da ƙarar rufe ƙofa da tayar da mota, sai kiɗa ya ɗauka a hankali, ka ji kamar motoci na wuce ka ta gefe, ƙarar na tasowa tana dusashewa. Kalmomin ba su da yawa, kuma da Jamusanci suke. Duk da haka da aka taƙaita ta aka sa a rediyo, sai da ta shiga jerin waƙoƙin da aka fi saye a Amurka da Ingila a 1975.

Mun kunna wa wani tsohon direban tirela wannan waƙa a shagon. Ya yi shiru har ta kai rabi, sannan ya ce, "Wannan mutumin ya taɓa yin doguwar tafiya." Iyakar sharhin da ya yi ke nan, kuma ya isa. Wanda ya taɓa kwana a kan sitiyari tsakanin kudu da arewa ya san wannan yanayi, lokacin da hanya ta miƙe, inji ya daidaita, hankali ya tafi wani wuri amma ido na kan kwalta. Marigayi Ɗan Maraya Jos ya ɗauki kuntigi ya yi wa karen mota waƙa, ya ba mu mutanen hanya. Waɗannan Jamusawa sun ba mu ita hanyar kanta. Kowannensu abin da ke ƙofar gidansa ya waƙe.

Daga nan ƙungiyar ta cika mutum huɗu da Wolfgang Flür da Karl Bartos, masu buga gangunan lantarki, kuma a hannun waɗannan huɗun aka yi mafi kyawun aikin. A 1975 suka fitar da Radio-Activity. A 1977 sai Trans-Europe Express, wanda a wajenmu shi ne gagarabadau. Sunan wani jirgin ƙasa ne da ke ratsa ƙasashen Turai a wancan lokaci. Kiɗan yana tafiya ne da takun ƙafar jirgi a kan dogo, ba gaggawa, ba tsayawa, ga wani amo mai kama da kewa yana shawagi a samansa. A tsakiya akwai wani sashe da suka kira Metall auf Metall, wato ƙarfe a kan ƙarfe, inda za ka ji kamar ana haɗa taragu a tasha. Mu da kakanninmu da yawa jirgin goro da na shanu ne ya sauke su a kudu, wallahi ba ma buƙatar tafinta a nan.

A 1978 suka fito da The Man-Machine, sanye da jajayen riguna da baƙin nakatayal, fuska ba fara'a. Suka sa aka ƙera musu mutum-mutumi masu kama da su, waɗanda wani lokaci su ake turawa gaban masu ɗaukar hoto. Suna bi da muryarsu ta cikin na'urar da ake kira bokoda, mai mayar da muryar mutum kamar ta inji. A cikin wannan faifai ne akwai The Model, wadda ta hau matsayi na ɗaya a Ingila a farkon 1982. Amma wanda ya fi ba mu mamaki yanzu shi ne Computer World na 1981. A lokacin da yawancin mutane ko ganin kwamfuta ba su taɓa yi ba, su suna waƙa a kan yadda bankuna da hukumomin tsaro za su tara bayanan jama'a a cikinta, da yadda wanda kaɗaici ya dama zai nemi masoyi ta allo. Yau ga mu muna layin lambar banki da lambar ɗan ƙasa, ga 'ya'yanmu suna zance ta waya. A wasanninsu na wancan lokaci har sukan fito gaban dandali da 'yan ƙananan na'urori irin na riƙewa a hannu, su miƙa wa 'yan kallo su danna.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu? Ai mun daɗe muna rawar kiɗansu ba mu sani ba. A 1982, a birnin New York, Afrika Bambaataa da furodusa Arthur Baker suka ɗauki karin Trans-Europe Express, suka ɗora shi a kan irin bugun da ke cikin Numbers, suka fitar da Planet Rock. Wannan waƙa tana cikin tubalan da aka gina kiɗan hip-hop a kansu. A Detroit kuma, baƙaƙen samari uku, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, suka sha kiɗan Kraftwerk a rediyo suka ƙirƙiro abin da ake kira tekno. Ku kuma da kuka kalli fim ɗin Breakin' na 1984, kun tuna wurin da Turbo ke shara a ƙofar kanti ya kama rawa da tsintsiya? Kiɗan da ke tashi a wurin Tour de France ne, na Kraftwerk, wanda suka yi a 1983 a kan gasar tseren keke ta Faransa, har da numfashin mai tuƙa keke a ciki. Mu nawa ne muka sha faɗa a gida saboda tsintsiya a kan wannan rawa? Ko a 2005, ƙungiyar Coldplay sai da ta nemi izininsu ta ari karin Computer Love ta yi waƙarta Talk.

Son su da muke yi bai rufe mana ido ba. Kunnen da ya tashi da Shata, wanda ya saba a jefa masa magana mai nauyi a kowane baiti, zai ji yunwa a nan, don kalmominsu 'yan kaɗan ne kuma sai a yi ta maimaita su. Akwai waƙoƙin da in ba ka cikin natsuwa za ka ji kamar janareto ne aka bari a kunne. Faifansu na 1986, Electric Café, bai kama ƙafar na baya ba, domin a lokacin almajiransu sun riga sun cim musu. Flür ya tafi, Bartos ya bi shi. Tun Tour de France Soundtracks na 2003 ba su sake fitar da faifan sababbin waƙoƙi ba, sai dai a yi ta goge tsofaffin ana zagaya duniya da su. Schneider ya bar ƙungiyar a 2008, ya mutu a 2020, yanzu Hütter kaɗai ya rage cikin waɗanda suka kafa ta. Lambar Grammy ta karramawa da aka ba su a 2014 sun cancance ta, amma ladan aikin 1974 zuwa 1981 ne. Mutanen da suka yi suna da hango gobe sun koma masu gadin jiya, wannan kam dole a faɗa.

Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne a ce kiɗan ba shi da rai. A saurari Neon Lights da dare, lokacin da unguwa ta yi tsit. Akwai taushi a cikinta da ba kowane mai garaya ke iya kaiwa ba. Inji ne ya fitar da sautin, amma mutum ne ya zauna ya zaɓi wane amo zai bi wane. Kuma mutanen suna da ra'ayi: da suka sake fitar da Radioactivity a 1991, sun mayar da ita gargaɗi ƙarara a kan haɗarin nukiliya, suka ambaci wuraren da abin ya yi ɓarna irin su Chernobyl da Hiroshima.

Kada kuma a ɗauka sai Bature ke iya wannan. A Yamai, a 1978, Mamman Sani ya zauna da fiyanon lantarki ya naɗi kaset guda, yana ɗauko karin waƙoƙin gargajiyar Nijar yana zuba su a na'ura, kuma an daɗe ana jin kiɗansa a rediyo da talabijin na ƙasar. A Inugu, William Onyeabor ya yi nasa da irin waɗannan na'urori a situdiyon kansa. A 2013 kamfanonin ƙasashen waje suka sake buga ayyukan su biyun, duniya ta yi ta yabo. Abin da ya sa aka neme su bayan shekaru masu yawa shi ne ba su yi kama da kowa ba.

A nan maganarmu take da samarin unguwa masu situdiyo a ɗaki. Kuna da kayan da Kraftwerk ko a mafarki ba su da su a 1974, wayar da ke aljihunku ma ta fi na'urorinsu ƙarfi. Amma in muka saurari abin da ke fitowa, sau da yawa sautin nan ne dai da ya zo a cikin fiyanon Yamaha tun daga kamfani, da karin Indiya, da muryar da aka matse har ba a gane ta wane ce. Yaro goma, sauti ɗaya. Alhali kuna zaune a wurin da kunne ba ya hutawa: injin markaɗe da asuba, kiran kwandasta a tasha, guduma a layin maƙera, gangar maƙwabtanmu ta haɗu da kalangunmu a biki ɗaya, ga Hausar nan tamu ta 'yan kudu da ta sha ruwan wasu harsuna. Wa ya taɓa naɗar wannan? Jamusawan nan da titin garinsu suka ci duniya.

Dattawa kuma, kukanku yana da tushe. Mai kalangun nan da aka bari a bakin rumfa abincinsa ne ke raguwa, kuma abin da ke hammatarsa ba ya cikin kowace kwamfuta. Kalangu magana yake yi: a matsa tsarkiya murya ta hau, a saki ta sauka, daidai da hawa da saukar harshenmu. Sai dai ba inji ne ya tsayar da shi a rana ba, mu ne masu bikin. Mu muka ga cewa yaro ɗaya da sifika ya fi araha.

Akwai wata shari'a da Kraftwerk suka yi da ta dace da wannan zance. Wani furodusa Bajamushe, Moses Pelham, ya yanki kimanin daƙiƙa biyu daga Metall auf Metall ya sa a wata waƙa ta 1997 ba tare da izini ba. Suka kai ƙara, aka yi ta jan magana fiye da shekara ashirin, har kotun Tarayyar Turai ta yi hukunci a kanta a 2019. Wasunmu a shagon suna ganin rowa ce, tunda da irin wannan aro ne sunansu ya kai ko'ina. Wasunmu na ganin sun nuna cewa sautin da mutum ya yi wa gumi yana da daraja ko da na ƙiftawar ido ne. Ko wanne ka ɗauka, darasin a gare mu ɗaya ne. Yaron da ke son kiɗansa ya bambanta da na kowa, ya je ya gaida mai kalangu, ya kai shi situdiyo, ya biya shi kuɗin aikinsa, ya sa sunansa a kan waƙar. Mai biki kuma in zai kira mai kwamfuta, ya ware wa mai kalangu lokacinsa da haƙƙinsa.

Wanda bai taɓa jin su ba ya fara da Trans-Europe Express, sannan Computer World, ya bar Autobahn sai ranar da zai hau doguwar hanya. Kada a ji su ta sifikar waya, a samu abin kunne ko rediyo mai kyau. In kuma an ji an ƙi, shagon dai yana nan bayan tasha, bencin na da wuri, a zo a faɗa mana dalili.