Wa ke cikin "an"?

A hutun da ya wuce, bayan na dawo Jiratawa daga Yamai, wani abokina ya ja ni Maradi wajen wani taron wayar da kai. Wata ƙungiya ce mai zaman kanta ta shirya shi, irin waɗanda muke ce ma ƴan furoje, kuma a kan maganar gidan kaso aka taru. An rataya ƙyalle a bango. A sama an rubuta justice réparatrice da Faransanci, a ƙasa kuma fassara: "Sulhu ya fi ɗauri." Aka yi jawabai, aka yi ɗan wasan kwaikwayo, aka raba ruwan leda, aka watse. Tun ranar fassarar nan ke cin raina, shi ya sa na ce bari in kawo ta nan mu duba ta tare.

Kada wani ya ɗauka ina adawa da tafiyar. Duk wanda ya taɓa kai tuwo gidan kaso ya san abin da ke ciki. Fiye da rabin waɗanda ke tsare a Nijar ba a yanke masu hukunci ba, zaman jiran shari'a suke. Saurayin da ya ɗauki salula sai ya kwana ɗaki guda da ɗan fashi, ranar da ya fito ya fito da sabon karatu. Ƙungiyoyi irin su ANDDH, da Grandir Dignement mai aiki da yaran da ke tsare, sun daɗe suna kokawa a kan wannan. A 2017 an yi dokar da ta ba alƙali damar yanke ma mai ƙaramin laifi aikin amfanin jama'a a madadin ɗauri, wanda ake kira TIG. Duk wannan ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Rigimata da kalmomin da ake tallata shi da su ne, kuma kun san mu ƴan ilimin harshe, kalma ce gonarmu.

Mu fara da sunan gidan kansa. Kakanninmu sun ce gidan yari, don Yari sarauta ce ta mai tsaron fursunonin sarki. Nasara ya zo da cachot, muka mayar da shi kaso. Maƙwabtanmu na Najeriya a 2019 suka canza doka, yanzu a rediyo sai ka ji ana cewa gidan gyaran hali. Suna uku, zamani uku, amma duka fuskarsu na kallon mutum guda, wato mai laifi: wa ke tsare shi, ina aka rufe shi, mi za a gyara a jikinsa. To ɗayan fa? Gwada neman kalma tilo ta Hausa da za ta maye victime. Sai ka zagaya ka ce "wanda aka cuta".

A nan Hausa ta yi mana wata kyauta da masu shirya taron ba su lura da ita ba. Cuta ita ce rashin lafiya, cuta kuma ita ce zalunci. Mai zazzaɓi ya kamu da cuta, wanda aka kwashe ma hatsi ya ce "an cuce ni". Ashe tunanin cewa laifi ciwo ne mai neman magani ba daga Faransa ko Kanada aka yi mana dakonsa ba, yana cikin bakinmu tun fil azal. Sai dai harshen ya nuna a fili jikin wa ciwon yake. Yana jikin wanda aka cuta. In dai waraka ake nema, shi ne ya kamata ya fara ganin likita.

Wasan kwaikwayon da aka yi mana ya juya wannan kan ƙasa. Wani saurayi ya saci akuya. An kawo shi gaban dattawa, ya yi ta bayani: babu aiki, uwa ba lafiya, damina ba ta yi kyau ba. Ɗan wasan ya iya, har wata ta kusa da ni ta share ƙwalla. Dattawa suka yi nasu dogon jawabi a kan illar gidan kaso. Mai akuya kuwa, wata tsohuwa da aka zaunar a gefen tabarma, jimla guda aka rubuta mata a duk wasan: "Na haƙura, Allah shi shirye shi." Aka tafa. Babu wanda ya tambaye ta mi take yi da akuyar, ko nononta take sha, ko ta aje ta ne don auren ɗiyarta. Ba a ma ce ga ranar da za a biya ta ba. A wasan da aka shirya don koyar da gyaran ɓarna, ɓarnar ita ce ba a nuna ba.

Na san tsohuwar nan, don kuwa ƙanwar mahaifiyata ce. Inna tana zaune a wani ƙauye kusa da mu, mijinta ya rasu, tana noman zogale a ɗan fili kusa da gulbi. Da kuɗin adashi ta sayi injin ban ruwa, jika saba'in. Shekara biyu da suka wuce aka ɗauke shi da dare. Ba a daɗe ba aka gane wanda ya ɗauka, ɗan wani mai hali ne, kuma ya riga ya tsallaka da injin Jibiya ya sayar. Inna ta ce jandarma za ta. Dattawan unguwa suka ce haba, ai gida bai ƙoshi ba ba a kai ma dawa, a zauna a sasanta. Aka zauna a zaure. Ita ba ta shiga ba, mace ce, Kawu ne ya wakilce ta. Da ya fito ya ce mata:

"To, an yi sulhu. An yafe. Ga jika ashirin uban yaron ya bada, ki yi haƙuri."

Da dare na ce mata, "Inna, kin yafe da gaske?" Ta dube ni ta ce, "Ɗana, ni mi ni ce? Su sunka zamna, su sunka yafe. Ni dai cewa anka yi in yi haƙuri, na yi."

Ku dubi jimlar Kawu da kyau. An yi sulhu. An yafe. Wannan "an" ɗin masana nahawun Hausa na ce masa mutum na huɗu: ba ni ba, ba kai ba, ba shi ba, wani ne da ba a son a ambata. Da shi muke cewa an yi ruwa, an yi rasuwa. Yana da amfani wajen kunya da ladabi, amma a bakin masu sulhu labule ne. Wa ya yafe? "An" ba za ta taɓa gaya maka ba. Yafiya kuwa aiki ne da ba ya yiwuwa sai da mai shi. Ko a fiƙihun da muka karanta a makarantar allo da zaure, a babin ƙisasi, zaɓin ramuwa ko karɓar diyya ko afuwa yana hannun wanda aka yi ma laifin ko magadansa. Dattijon unguwa ba ya yafe bashin da ba shi ake bi ba.

Haka kuma haƙuri da yafiya ba abu guda ba ne, ko da masu fassara na musanya su kamar hula. Ana yafe ma mutum, ana haƙura da abu. Wanda ya yafe ya sauke kaya daga kan wani. Wanda ya haƙura ya cire rai ne, kayan na nan a kansa. Inna ta haƙura da injinta. Ranin shekarar da guga ta yi ban ruwa har zogalen ya bushe rabi.

Ga wani abin kuma da ƙyallen bangon bai faɗa ba. Dokar sarakunan gargajiya ta 2015 ta ba su ikon sasantawa a al'amuran al'ada da rigingimun dukiya irin na gona da gado, su rubuta takarda kowa ya sa hannu. Sata laifi ce ta kotu. Ke nan sulhun da ake yi a kan sata a zaurukanmu yana gudana ne a gefen doka, babu takarda, babu wa'adi, babu inda za ka ɗaukaka ƙara. Abin da ba shi da ƙa'ida kuwa mai ƙarfi ke tsara shi. Ɗan mai hali ya samu sulhu don akwai wanda zai tashi tsaye dominsa. Almajirin da aka kama da buhun albasa a tasha, wanda iyayensa ke can wani gari, wa zai tara masa dattawa? Shi ne zai cika gidan kaso. In ƙungiya ta zo ta ce mana "sulhu ya fi ɗauri" ta tsaya nan, to abin da muke yi da ma ta shafa ma mai, da kyansa da muninsa.

Ba a nan kaɗai ba. A ƙarshen 2016 gwamnati ta buɗe ƙofa ga ƴan Boko Haram da suka aje makami a jihar Diffa, aka tara su a Gudumariya, aka koya masu sana'a, aka kira su tubabbu. Dabarar tana da hujja, don kowane mutum guda da ya fito daga daji rai ne aka ceta, nasa da na wasu. Amma ƙorafin da ya yi ta fitowa daga waɗanda aka ƙone ma gari shi ne, wanda ya ƙona ya samu keken ɗinki, mu muna cikin rumfar gudun hijira. Kalmar "tubabbe" ma ta yanke hukunci tun kafin a tambayi kowa. Ruwanda, bayan kisan ƙare dangi na 1994, ta kafa kotunan gacaca a ƙauyuka, ta yi amfani da wannan TIG ɗin sosai. Su ma an soke su ta fuskoki da yawa. Sai dai sun riƙe sharaɗi guda: ba ka samun sassauci sai ka tsaya gaban jama'a ka faɗi abin da ka aikata da bakinka. A wajensu "na yi" ce ke buɗe ƙofa. A zaurenmu saurayin da ya ɗauki injin Inna bai ce uffan ba, ubansa ne ya yi magana, shi ma da "an": an yi kuskure, ba za a sake ba.

Don haka ni abin da nake nema wajen masu wannan fafutuka kaɗan ne, ba ya ma buƙatar kuɗin furoje. A sake rubuta wasan, a ba tsohuwa baki, ta faɗi asararta dalla-dalla kafin ɓarawo ya faɗi uzurinsa. A nuna ma ƴan kallo cewa tana da ikon ta ce a'a, kuma ba za a kira ta marar mutunci ba. A faɗi abin da za a biya da ranar biya, a gaban shaidu, a rubuce. In mace ce ta zauna da kanta, ko ta zaɓi wakilinta da bakinta. Fassarar ma a sake ta. Ni da zan sa "gyaran ɓarna" ko "mayar da haƙƙi", don su suna tilasta ma mai ji ya tambaya, ɓarnar wa, haƙƙin wa. Wani ɗan ajinmu ya ce waɗannan ba su da daɗin faɗi a bisa ƙyalle kamar sulhu. Gaskiyarsa, ban musa ba.

Da aka ba da damar tambayoyi a ƙarshen taron na ɗaga hannu, amma lokaci ya ƙure, mai gabatarwa ya ce a yi haƙuri. Inna kuwa ta sake shiga adashi, kwasarta sai watan gobe. Ta ce in ta sayi sabon injin, cikin ɗaki zai riƙa kwana.