Naƙuda: Me Ya Sa Ta Ɗan Adam Ta Fi Wuya?

Akuya kan haihu a bayan ɗaki, kafin masu gida su ankara har ta lashe 'ya'yanta sun miƙe. 'Yar Adam kuwa sai ta kwana ta wuni a kan gwiwa, ungozoma na riƙe da ita. Tun dā can mutane ke neman dalilin wannan bambanci.

Littafin Farawa, a babi na 3, ya danganta zafin haihuwa da laifin da Hauwa'u ta yi a Aljanna. Saboda haka da likitan nan na Edinbura, James Young Simpson, ya fara shaƙa wa masu naƙuda kulorofom a 1847, sai da ya rubuta ƙasida yana kare kansa daga sukar masu addini, yana cewa ai Allah ma barci Ya sa wa Adamu kafin a cire haƙarƙarinsa. Da Sarauniya Biktoriya ta shaƙi maganin a haihuwarta ta 1853, gardamar ta yi sanyi.

Alƙur'ani bai ɗora wa Hauwa'u laifin ita kaɗai ba, bai kuma kira naƙuda horo ba. A Suratu Luƙman da Suratul Ahƙaf an ambaci wahalar ciki da haihuwa ne don a kafa wa ɗa hujjar kyautata wa mahaifiyarsa. Nana Maryam, wadda aka zaɓa a kan matan duniya, naƙuda ta kai ta gindin dabino har ta yi burin da ma ta mutu. Amsar da ta samu ita ce ruwa da ɗanyen dabino da lallashi. Wannan wuri ya isa a tsaya a kansa: mace mafi tsarki ta ji zafi, ta faɗa, kuma aka kawo mata ɗauki.

Kimiyya ta zo ta wata ƙofa. A 1960 Sherwood Washburn ya ce matsalar tana tsakanin abu biyu: tafiya da ƙafa biyu ta matse ƙashin ƙugu, girman ƙwaƙwalwa kuma ya ƙara kan jariri. Hanyar fitowar jaririn ma ba miƙaƙƙiya ba ce. Mashigarta ta fi faɗi daga gefe zuwa gefe, mafitarta daga gaba zuwa baya, don haka dole jariri ya juya yana saukowa, ƙasusuwan kansa masu taushi suna hawa juna. A 2012 Holly Dunsworth da abokan aikinta suka ƙalubalanci wani ɓangare na ra'ayin, suka ce abin da ke yanke lokacin haihuwa shi ne jikin uwa ya kai iyakar ƙarfin da zai iya ciyar da ɗan tayi.

Ni ban ga faɗa tsakanin bayanin ƙashi da bayanin addini ba. Inda hankalina ke tashi shi ne inda muke fakewa da haƙuri mu bar mace cikin haɗari. Yarinya 'yar haihuwar fari kunya kan hana ta faɗin ciwonta, ta cije leɓe don kada a yi mata gori. Idan ƙugunta bai gama girma ba, ko yunwar ƙuruciya ta tsumburar da ita, kan jariri sai ya kafe. Ana ba ta rubutu, ana jiran mijin ya dawo ya ba da izini, wani lokaci har a yi mata yankan gishiri. Kwana biyu kan yana danne nama a jikin ƙashi, jini ya daina kaiwa wurin, naman ya mutu ya ɓule. Wannan ne yoyon fitsarin da Dakta Kees Waaldijk ya shafe shekaru yana ɗinkewa a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina. Hadisin da ya ba wadda ta rasu wajen haihuwa matsayin shahada bai umarci kowa ya zauna ya jira ta rasu ba, alhali akwai mota a ƙofar gida da likitan da zai iya yi mata aiki ya ciro jaririn.