Tulu, Ƙwarya da Ƙanƙara: Girkin Bazara a Tagriss

Daga tsakiyar Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, wanda a arewacin jihar Maraɗi yakan ja ƙafa har Yuni ko Yuli, murhun gidan Tagriss ba ya aiki yadda ya saba. Zafi yakan haura digiri 40 a inuwa, kwana bayan kwana, musamman a Afrilu da Mayu. Macen da ta san kanta ba ta hura wuta da tsakar rana sai dole. Takan yi aikin wuta da sassafe, ta sake komawa bayan la'asar sakaliya don tuwon dare. Duk abin da zai shiga cikin mutanen gida tsakanin waɗannan lokuta biyu, kusan a ce shan sa ake yi: fura, kunu, ruwan tsamiya, farau-farau. Wannan tsari shi ne girkin bazara, kuma na daɗe ina ganin ba a ba shi darajar da ta kamace shi, tun da ƙanƙara ta shigo ta ƙwace sunan "sanyi" ta bar shi da sunan abincin ƙauye.

Tagriss ƙaramar hukuma ce ta karkara a yankin Dakoro, inda gonar manomi take gab da ƙarewa, makiyayar mai dabba ta fara. Tun a 1961 gwamnatin Nijar ta kafa dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, kuma kwarin Tarka da ya ratsa ƙasar Dakoro yana cikin wuraren da ake ambato in ana maganar wannan iyaka. Manoma sun daɗe da tsallake ta, rigingimu kuma ba su ƙare ba, amma a cikin ƙwarya zaman lafiya ake yi. Gero na Bahaushe, nono na Bafulatana, wani lokaci cuku da dabino irin na Buzaye, su ne suka haɗu suka ba da abincin rana na wannan ƙasa.

Mai kallo daga nesa yakan ɗauka fura abu ne mai sauƙi. A surfa gero, a bakace, a wanke, a daka shi da citta da kanumfari da masoro, mai son yaji ya ƙara barkono. A cura, a jefa cikin tafasasshen ruwa, a kwashe a kirɓa a turmi har ta yi danƙo, a sake curawa a barbaɗe da gari. Abin lura a nan shi ne yawan wutar da aka ƙona. Tafasa ɗaya ce, gajera, ta ciyar da gida wuni guda. A ƙasar da makamashi ya zama karan gero da kashin shanu da ɗan abin da aka sassaro na sabara ko kalgo, wannan lissafi ne babba. Gumba ma ta wuce haka, don ita ko wutar ba ta gani. Ƙarfin da aka rage a murhu kuwa a turmi ake biyan sa, da kafaɗar mata da ƴan mata, abin da mazan da ke yabon furar gida a gindin bishiya ba su cika tunawa ba.

Sai batun tsami. A irin wannan zafi madarar da aka tatso da safe ba ta kaiwa azahar lafiya. Barin ta ta kwana ta zama nono ko kindirmo shi ne adana ta, domin tsamin da ke fitowa yana hana yawancin ƙwayoyin da ke lalata abinci sakewa. Haka tsamiya take yi a kunu, haka ruwan tsami yake yi a tuwon da ake so ya kwana ya zama ɗumame. Matan ƙasar nan ba su da firigo, sai suka koyi jan ragamar lalacewar abinci, su kai ta inda suke so, su tsayar da ita. Uwar gida takan san ƙwaryar da ke sa nono ya kama da wuri, da wadda za a ɗauraye a kifa a rana. Takan san furar da za ta kai la'asar da wadda dole a shanye kafin azahar. Ba a rubuta wannan ilimi a ko'ina ba, a bakin turmi uwa take miƙa wa ɗiya.

Fura tana da wata fa'ida da babu abin sanyin kanti da ya kama ƙafarta: tana kashe yunwa da ƙishirwa a lokaci guda. Mai sharar gona a watan Mayu, wanda gumi ke tsiyaya a jikinsa tun hantsi, ba ya iya haɗiye tuwo da rana. Abin da jikinsa ke nema ruwa ne mai ɗan nauyi, a sha a huta, a ƙara ruwa a ƙwaryar a sake sha. Ana iya tsinka fura sau biyu, sau uku, tana bin rana tana sirancewa.

Amma kada a yi wa bazara kwalliyar da ba tata ba. Lokacin da aka fi buƙatar nono shi ne lokacin da ya fi wuyar samu. Ciyawa ta ƙone, shanu sun rame, garke da yawa sun yi kudu neman abinci, saniyar da ta rage a gida ɗan abin da take bayarwa na maraƙinta ne. Rumbu ma ya fara nuna gindi, gero yana tashi a kasuwa. Saboda haka furar Afrilu ba furar kaka ba ce. A gidaje da yawa da ruwan tsamiya ake dama ta, ko da garin ƙwame na kuka, ko da nonon da aka yi da garin madara na buhu. Shi wannan garin yana da nasa labarin: kaso mai yawa na wanda ake shigowa da shi Afirka ta Yamma daga Turai an cire masa man shanunsa an maye gurbinsa da man ja, shi ya sa yake da araha. Ƙasar da dabbobi suka cika ta, ga ta tana dama fura da madarar da ta hau jirgin ruwa. Da babu gara ba daɗi, amma abin da ciwo.

Ruwan sha kuwa, kafin a yi maganar sanyinsa sai an yi maganar samunsa. Rijiyoyin ƙasar Dakoro zurfi gare su, da yawa sun haura mita 50, sai an ɗaura wa sa ko raƙumi ko jakuna igiya su ja wasaki. Ruwan da ya iso gida a jarka bisa amalanke yakan zo da ɗumi. Randa da tulu ne ke karɓar sa. Jikin tulu na yumɓu yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, busasshiyar iska ta kwashe shi, tana tafiya da zafin abin da ke ciki. Lissafin masana kimiyya ya nuna cewa kilo ɗaya na ruwa in ya bi iska yana ɗauke zafin da ya ninka kusan sau 7 na wanda kilo ɗaya na ƙanƙara ke ɗauka in ya narke. Shi ya sa ake binne gindin randa cikin jiƙaƙƙen yashi, ake naɗe jarka da tsumman buhu a yayyafa masa ruwa, makiyayi kuma yake rataye salka a inda iska ke kaɗawa. Sabon tulu ya fi tsoho sanyi, don tsohon ƙofofinsa sun toshe, kuma kowace mace ta san haka ba tare da an karanta mata ba.

Wannan hikima ce wani malamin makaranta a jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya ɗauka ya sa tukunya cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da danshin tsumma, har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. An ruwaito cewa gautan da kan lalace cikin kwana 3 yakan kai kwana 27 a ciki. Duniya ta tafa masa, kuma ya cancanta. Sai dai ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne sai da aka ba abin suna a Turai sannan masu ilimin boko na gida suka waiwayi randar kakarsu.

Tulu yana da iyakarsa, kuma a nan ne ƙanƙara ta samu ƙofa. Aikinsa ya dogara ga bushewar iska. A Maris da farkon Afrilu, sa'ad da iskar arewa ke busawa, ruwan tulu har haƙori yake taɓawa. Da zarar iskar kudu ta fara shigowa da laima a Mayu, gari ya yi cif, gumi ya ƙi bushewa a jiki, shi ma tulun sai ya rage ƙarfi. Wato a makonnin da zafi ya fi gallabar mutum, a nan tsohuwar dabara take gazawa. Duk mai kushe ƙanƙara da sunan kishin gargajiya bai yi wa wannan gaskiya adalci ba.

Azumi ya ƙara wa abin armashi. Daga 2021 zuwa 2024 watan Ramadan ya faɗo ne cikin Maris da Afrilu da Mayu, tsakiyar bazara ke nan. A farkon Afrilun 2024, cikin goman ƙarshe, aka yi zafin da ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, Sahel kuma ta ɗauka gaba ɗaya. A irin waɗannan shekaru ƙanƙara ta zama abin da magidanci ke kunyar shiga gida ba tare da ita ba in an kusa shan ruwa, ko da kuwa guntuwa ce da ba ta fi dunƙulen hannu ba.

Hanyar da take bi kafin ta iso ƙauye doguwa ce. Wutar kamfanin NIGELEC ba ta kai ga mafi yawan ƙauyukan ƙasar nan ba. Ana daskarar da ruwa a leda a garuruwan da ke da wuta ko janareta, a jera a buhu ko a kula, a lulluɓe da ƙaiƙayi ko tsummoki, a ɗora wa babur ko motar kasuwa, ta bi yashi tana narkewa, kuɗinta yana hawa. Wanda ya fi kowa nisa, ya kuma fi kowa talauci, shi ke sayen ta da tsada. Ita wutar kuma ba a hannun gida take ba. Maraɗi da Damagaram sun daɗe suna shan wuta ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, ba a kuma mayar ba sai bayan da ƙungiyar ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024. Rigimar shugabanni a Yamai da Abuja ta isa har cikin kofin buɗa-bakin talaka. Tulu bai san an yi ba.

Tare da ƙanƙara sai ga ƴaƴanta: zoɓo da lemun tsamiya da na citta da aka ƙulla a leda, da afolo na garin ƙwame da yara ke tsotsa ta kusurwar leda, da yawut na Solani ko Niger Lait in motar gari ta kawo, da kunun aya, wanda jihar Maraɗi ke da haƙƙin alfahari da shi tunda ita ce cibiyar noman aya a Nijar, ta wajen Agye da Cadawa da Gazawa. Kunun aya kuwa bai san haƙuri ba, in babu sanyi cikin ƴan sa'o'i yake juyawa, don haka yaɗuwarsa a kasuwannin ƙauye ta biyo bayan yaɗuwar ƙanƙara ne. Yawancin wannan sana'a ta mata ce. Daga cikin gida ake dafawa, a tace, a ƙulla na dala biyar da na dala goma, yarinya ta ɗauki kula ta nufi tasha ko bakin makaranta. Kuɗin sabulu da na adashe da kayan ɗakin ɗiya suna fitowa daga nan, kuma ba zan raina su ba.

Inda nake da ja shi ne abin da ke cikin ledar. Fura abinci ce, afolo kuwa ruwa ne da sukari da ɗan ɗanɗano, wani lokaci har da garin kala. Yaron da aka ba dala biyar ya tsotsi sanyi ya dawo gida cikinsa wayam yake, a watannin da asibitocin jihar Maraɗi ke fara cika da yara masu tamowa. Sannan sanyi ba tsabta ba ne. Daskarewa ba ta tsarkake ruwa, in da ƙazanta aka ƙulla shi, da ita zai narke. Jihar da ta ga annobar amai da gudawa da ta ɓarke a Madarunfa a Yulin 2018, ta sake gani a 2021, bai kamata ta yi wasa da tambayar inda aka ɗebo ruwan ƙanƙara ba. Furar gida ma ba ta tsira daga wannan tambaya ba, don ruwan da ake tsinka ta da shi ba a tafasa shi, nonon ma sau da yawa ɗanye ne aka bari ya kwana. Bambancin kawai, mai shan furar gida ya san rijiyar da hannun da ya dama.

Ledar kuma ba ta narkewa da abin da ke cikinta. Nijar ta kafa dokar hana irin waɗannan ledoji tun 2014, amma duk wanda ya ga filin kasuwar ƙauye washegarin ci ya san inda dokar ta tsaya. A ƙasar makiyaya abin ya wuce ƙazanta: akuya da saniyar da yunwar bazara ta kama suna haɗiye leda, ta cushe musu tumbi, mahauta kuma sun saba ciro ta a dunƙule.

Yanzu faranti mai zuƙar hasken rana yana sauya lissafin. Firigo mai aiki da rana ya fara bayyana a shagunan manyan ƙauyuka, kuma ya fi ƙarfi daidai lokacin da aka fi buƙatar sa. Mai shago ya san abin da ke kawo kuɗi da sauri, don haka lemun kwalba da ruwan leda ne ke cika shi. Nonon Bafulatanar da ta yi tafiyar sa'o'i da ƙwarya a ka, wanda a damina yake yawa har ya rasa mai saye, bai samu gurbi a ciki ba tukuna, haka ma kindirmo da curin furar matan gari. Kuɗin sayen firigon ya fi ƙarfin mace ɗaya mai ƙulla zoɓo, sai dai ƙungiyar mata ko ta makiyaya, kuma har yanzu mafi yawan masu riƙe da makullinsa maza ne ƴan kasuwa.